Allon da Gara ta Ci

Na shiga ƙungiyar masu sha'awar laimar kwaɗi ne a shekarar da na yi ritaya daga koyarwa, lokacin da zaman gida ya ishe ni har na fara sanin halin kajin maƙwabta. Wata tsohuwar abokiyar aikina ce ta jawo ni, Hajiya mai son taro, wadda ko sunan akuya aka ce ana yi sai ta ɗinka sabon kaya. Ta zo ta same ni a gidanmu na Ƙofar Guga, ta ce an kafa ƙungiyar wayayyun mutane masu binciken wannan tsiro. Ta ce yana maganin suga, yana maganin hawan jini, kuma a ƙasashen waje sai mai hali ke cinsa. Na ce mata ni tun ina 'yar mitsitsiya nake cin laimar kwaɗi da tuwon dawa. Ta dube ni kamar na ce ina cin ƙadangare.

Daga nan ya kamata in gane irin mutanen da zan tarar, amma kaɗaici ba ya barin mutum ya yi zaɓe.

A falon Shugaba ake taro, can Ƙofar Sauri. Tsohon darakta ne, kuma tun da ya bar ofis yake neman waɗanda zai riƙa cewa su zauna su zauna, su tashi su tashi. Allah ya haɗa shi da mu. Gaba ɗayanmu ba za mu cika bas ɗaya ba, amma muƙamai sun fi mu yawa. Akwai mataimaki na ɗaya da na biyu, akwai mai tsawatarwa, akwai mai hulɗa da jama'ar da ba su san da mu ba. Hajiya ce mai kula da walwala, wato shinkafa da kaza da lemo. Ni aka ba ni mataimakiyarta, na ce na yafe, aka ce ba a yafewa, tsarin mulki ya hana.

Mun yi anko mai hoton laima a jiki. Kafin a tsayar da launinsa sai da aka yi zaman da ko rabon gado albarka, har mutum biyu suka yi gaba. Muna da zaure a waya, inda kullum safiya ake zubo hotunan laimomin ƙasashen da ake ƙanƙara, kowa yana rubuta masha Allah. Sau ɗaya aka yi odar ledojin iri daga Kudu, wai za mu fara noma. Aka jera su a garejin Shugaba cikin zafin bazara, aka ɗauki hoto, kowa ya kama gabansa, suka bushe suka zama kamar dusa. Taron tsintsiya ne ba shara, kuma abin da ya fi ba ni haushi shi ne duk cikinsu babu wanda ya taɓa sa laimar kwaɗi a bakinsa.

Rana ɗaya ce na ji an faɗi gaskiya a falon nan. Shugaba ya sa aka kawo majigi, ya gyara babbar riga, ya karanto mana daga wayarsa cewa laimar da ke fitowa a jikin suri, gara ce ke noma ta a can ƙarƙashin ƙasa. Ya ce in babu gara babu ita. Har maimaitawa ya yi, yana buga tebur. Aka tafa. Ni ma na tafa, don abin da ya faɗa haka yake, a gidanmu ma an san shi ba tare da majigi ba.

Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, a ruga aka haife ta, aure ne ya kawo ta birni. Ni ce 'yar farinta, saboda haka har na yi furfura ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai ta ce "ke". Kuma ban taɓa jin ta buɗe baki ta ce tana son wani abinci ba. A wurinta wannan abin kunya ne, gara ta kwana da yunwa. Da tsufa ya zo haƙoranta suka zube, nama ya gagare ta. In na daka mata shi sai ta ci loma biyu ta ture. Abu ɗaya ne nake ganin ta cinye har ta suɗe kwano, shi ne miyar laimar kwaɗi.

A gefen gonar mahaifinmu, bayan gari kaɗan, akwai wani suri da ya fi mutum tsawo, jingine da wata tsohuwar tsamiya. Inna ce ta gano laima tana fitowa a gindinsa tun tana amarya, ita ce kuma ta hana mahaifinmu rushe shi ya ɗebi ƙasar gini. In damina ta yi nisa, gero ya fara ɗaukar ciki, aka samu ruwa mai ƙarfi, sai ka je da sassafe ka tarar da su sun tsago ƙasa, farare, kai a dunƙule, da ɗan tsini a tsakiya. Saiwarsu doguwa ce, sai ka bi a hankali da tsinke. Ba sa daɗewa, kuma ba sa fitowa fiye da sau ɗaya ko biyu a shekara. Da ƙafa ta hana Inna zuwa, aikin ya dawo kaina.

Ba ta taɓa aikena ba. In an kwana ana ruwa, na shiga ɗakinta na durƙusa, sai in ce, "Inna, ina kwana? Ya ruwa?" Ta ce, "Ruwa ya yi gyara." In lokacin bai yi ba, a nan take tsayawa. In kuwa lokacin ya yi, sai ta kalli ƙofa, ta ƙara da cewa, "Ƙasa ta sha hwa." Shi ke nan roƙon Inna na shekara guda. Sai in ɗauki kwando in fita titi in tari mai kurkura ya kai ni gonar. In na dawo ita ke yagar su da hannunta, ba a sa musu wuƙa. Ni in soya da man shanu da albasa da daddawa, in tuƙa tuwon dawa mai laushi. Ranar ce kaɗai nake ganin ta ci ta ƙoshi.

To, ƙungiya tana da wata doka, wai kowane mamba sai ya ba da gudummawa a aikace, ya kai jama'a inda za su ga laima da idonsu. Wani ya kai mu bayan katangar gidansa ya nuna mana wani abu mai tauri a jikin ruɓaɓɓen kututture, kamar tsohon takalmi. Wani ya ce shi tasa gudummawar a waya take. Da layi ya zo kaina na ce ba ni da abin nunawa. Sai Hajiya ta ɗaga hannu.

"Ranka shi daɗe, Malama hwa ɓoyo takai. Ni da idona na gan ta da kwando cike, daga gonarsu."

Aka yi ta salati kamar an kama ni da kayan sata. Mai tsawatarwa ya miƙe ya ce wannan rashin kishin ƙungiya ne. Aka sa rana.

Ranar Asabar ce, kuma aka yi dace an yi ruwa. Na riga su zuwa tun da asuba, na cire rabon Inna, na bar musu na kallo, na koma gida na yi miya har na zubo musu a kula. Sai da hantsi ya dubi ludayi suka iso, motoci a jere, kowa cikin anko, mata da takalma masu tsini a cikin taɓo. Aka kafa rumfa, aka sauke kujeru. Manoman da ke maƙwabtaka suka dogara da fartanyoyinsu suna kallo, ina jin wani yana tambayar ko ɗan takara ne ya zo. Shugaba ya sa hankici ya ɗauki laima ɗaya, ya riƙe ta nesa da rigarsa, aka ɗauke shi hoto ta gaba da ta gefe.

Da na buɗe kula na ce bisimilla, sai kowa ya kawar da kai. Shugaba ya ce yana azumin nafila. Mataimaki na ɗaya ya ce shi ma. Na biyu ya ce likita ya hana shi man shanu. Hajiya ta ce ita wallahi ta so ci, amma ta yi niyya tun jiya. Ban taɓa ganin azumin nafila ya kama jama'a rana ɗaya haka ba, kuma ranar Asabar. Da azahar aka buɗe kular shinkafa da kaza, duk azumin ya warware. Na miƙa wa manoman nan miyata, suka cinye suka sa albarka.

Da a nan abin ya tsaya, da dariya kawai zan yi in manta. Amma a ƙarƙashin rumfar nan Shugaba ya miƙe ya ce wannan suri dukiyar al'umma ce, daga yau sunansa Cibiyar Bincike ta Ɗaya. Na ce ba nawa ba ne balle in bayar. Gaskiya ce, don da aka raba gado ɓangaren nan a hannun ƙanena ya faɗa. Ashe na ba su hanya. Ƙanena ɗan kasuwa ne, ba ruwansa da laima, amma Allah ya yi shi da son a kira shi a lasifika. Kafin a yi girbi sun naɗa shi Uban Ƙungiya, sun ba shi anko da hula. Ya ce suri nasu ne, su yi yadda suka ga dama.

Sai suka sa aka yi allo. Allon katako, babba, fenti kore da fari, da sunan cibiya a sama, da sunayen masu muƙamai a jere, na Shugaba ya fi kowane ƙiba, na ƙanena a ƙarƙashinsa. Suka haƙa rami suka kafa shi a jikin surin. Katako, a ƙofar gidan gara! Ko ɗan akuya ka nuna wa zai girgiza kai. Na ce a raina an kawo wa masu gida tsaraba.

Gara kuwa ba ta yi fulako ba. Ta fara da ƙafafun, ta hau ta baya tana ci, ta bar fentin kamar ɓawon albasa. Da rani ya yi, iska ta taɓa shi ya kife. Wanda ya je dubawa ya turo hoto a zaure. Inda sunan Shugaba yake babu komai sai rami da jar ƙasa.

Aka kira taron gaggawa. Tun da na shiga ƙungiyar ban taɓa ganin falon ya cika kamar ranar ba, har da waɗanda muka ɗauka sun bar gari. Shugaba fuska a murtuke, ya ce an ci mutuncin ƙungiya. Ya ce za a yi sabon allo na ƙarfe, amma kafin nan sai an yi maganin ɓarnar da ke wurin. Mai tsawatarwa ya ce ya san inda ake samun fiya-fiya mai kyau, wadda ko kunama ta shaƙa sai ta miƙe.

Na tashi tsaye ba tare da an ba ni izini ba, na dubi Shugaba.

"Alhaji, in allon ƙarhe za ku yi, mi ya kai ku ga gara? Ai ba ta cin ƙarhe."

"Malama, zamna. Ba a barin mai laihi don an canza ƙohwa."

"Kai da bakinka, a ɗakin nan, ka ce in babu gara babu laima. Har tebur ka buga."

Ya yi murmushin da yake yi wa masinja a da. "Wancan ilimi ne, Malama, wannan kuwa gudanarwa ce. Kuma ba duka za a kashe ba. Waɗanda suka ci allo kaɗai."

Na tambaye shi ko yana da sunayensu. Wasu suka yi dariya, suka tuna a falon wa suke, suka haɗiye. Sai na sauke murya, na gaya musu abin da ban taɓa gaya musu ba. Na ce ina da tsohuwa a gida wadda ba ta iya cin nama, abin da ke fitowa a surin nan shi ne namanta, kuma shekara take yi tana jiransa. Hajiya ta ce Allah sarki, ta dafa ni. Shugaba ya ce ƙungiya tana tare da iyaye, za a duba yiwuwar kai mata ziyara. Sannan ya ce a ɗaga hannu. Hannuwa suka tashi kamar an ce wa ke son ƙarin kaza. Na Hajiya ma ya tashi, ɗaya yana kafaɗata.

Daga nan gidan ƙanena na wuce. Na same shi a zaure yana cin gyaɗa. Na ce ya hana su, gonarsa ce.

"Yaya, ni ma hwa sunana na kan allon nan. An ci rabinshi."

"Uwarka hwa?"

"Inna ta taɓa cewa tana son abin nan? Ni ban taɓa ji ba. In nama ne, gobe in aiko da ƙahwar rago."

Na dube shi, mutum da gemu, ya tashi a ɗakin matar nan bai san ba ta cewa tana so ba. Na ce Allah ya shirye shi, ya ce amin, ya kuma yi mini alkawarin zai yi magana da Shugaba. Bai yi ba.

Ba su gaya mini ranar ba. Ina tsakar gida ina wa Inna wanki wayata ta fara ƙara ba ƙaƙƙautawa. Hotuna ne. Ga su nan a gindin tsamiya, kowa da anko, wai aikin gayya. Mutanen da ba su iya zuba wa ledar iri ruwa ba, yau ga su da diga da shebur da jarkoki. Sun fasa kan surin, sun ɗura fiya-fiya da kalanzir a kowace kafa, sun kawo magini ya toshe da siminti, ya yi daɓe a gindin don a samu wurin ajiye kujeru. A hoton ƙarshe Shugaba ne riƙe da jarka, yana dariya, kuma an rubuta a ƙasa cewa ba a taɓa samun fitowar mambobi irin ta yau ba. Wannan kam gaskiya ne.

Na bar wankin na tafi. Tun daga bakin hanya wari ya tare ni. Sun watse, sun bar robobin lemo da ƙasusuwan kaza. Gara a zube a ƙasa kamar an watsar da tsakin gero. Allon ƙarfe yana tsaye cikin siminti, sunaye sun fito raɗau. Na zauna a saiwar tsamiya na yi kuka, kukan haushi, na zage su ɗaya bayan ɗaya da muƙamansu, babu mai ji sai wani bafulatani da ke wucewa da shanunsa, ya ce mini sannu ya yi gaba. Da na koma gida Inna ta ɗan ja hanci ta kalli zanena, ba ta tambaye ni ba.

Damina ta sauka, ta yi kyau kuwa. Gero ya ɗauki ciki. Wata safiya na durƙusa na gaishe ta, ta ce ruwa ya yi gyara, ta kalli ƙofa, ta ce, "Ƙasa ta sha hwa." Na ɗauki kwando na tafi, ina cewa ko Allah zai sa wani gefe ya tsira. Babu komai sai daɓen siminti da ruwa ya kwanta a kai. Na bi gonakin mutane ina leƙa gindin kowane suri har rana ta take. Na samu wasu 'yan laimomi a kan juji, irin waɗanda ban sani ba, ban kuwa isa in ba uwata abin da ban sani ba. Na dawo na ce mata ba su fito ba tukuna. Ta ce, "To."

Aka sake ruwa, ta sake faɗa, na sake tafiya. Sau nawa ma, ban riƙe ba.

Su kuwa can an kafa kwamiti ya binciko dalilin da ya sa Cibiyar Bincike ta Ɗaya ba ta ba da amfani bana ba. Kwamiti ya zauna, ya ci shinkafa, ya gano cewa sauyin yanayi ne. Aka tafa. Hajiya ta zo ziyarar da aka yi alkawari, da anko, ta kawo wa Inna laimar gwangwani daga babban kanti, ta ce wannan ta fi tsafta. Na dafa don kada a ce ban gwada ba. Inna ta ci loma ɗaya, ta ce an gode, Allah shi yi albarka, ta rufe kwanon. Hajiya ta nemi a yi hoto, na ce mata ƙofa tana nan inda ta bar ta. Ranar na fita daga zauren wayarsu. Na ji an ce har yau sunana yana cikin masu muƙami, don tsarin mulki bai yarda a fita ba.

Wannan ita ce daminar Inna ta ƙarshe. Ƙafar ragon da ƙanena ya aiko, maƙwabta suka ci.

Dab da ɗaukewar ruwa aka yi wani mai ƙarfi, irin wanda a da ko ba ta yi magana ba na san kwando zai cika. Gari ya waye da sanyi, indararo yana ta ɗiga. Na shiga ɗakinta, na same ta zaune a kan buzu da carbi, ta rame har zoben hannunta yana juyawa. Na durƙusa.

"Inna, ina kwana? Ya ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara."

Na tsaya a durƙushe ina jiran sauran. Ba ta kalli ƙofa ba. Ta ja carbinta, ta ja, sannan ta ɗago ta dube ni.

"Ke, tashi," ta ce. "Ƙasa da sanyi."